Ƙofar da Ke Bayan Kabad

"Ban ce yaron ɓarawo ne ba," in ji Dattijo. "Ban ce mashayi ne ba. Cewa na yi ba zai auri 'yata ba. Magana uku ce daban-daban, kada a cakuɗa mini su."

Yana zaune ne a kujerarsa ta falo, wadda ko kyanwar gidan ta san ba a hawa. Magatakardan kotu ne da ya yi ritaya, sai dai da ya bar aikin, aikin bai bar shi ba. A gidansa ba a hira, sai a gabatar da ƙara. In magana ta ƙi daɗi kuma, sai ya ce an ɗage zama.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana durƙushe a kan kafet da kayan da ta dawo da su daga coci, ko ɗankwali ba ta kwance ba. Nas ce a babban asibiti. A can, manyan mutane masu tumbi take cewa su juya a yi musu allura, su juya ba musu. A gaban ubanta kuwa muryarta rawa take yi.

"To mene ne laifinsa, Baba?"

"Laifinsa gidansu."

Wanda ake magana a kansa Kafinta ne, dogon saurayi mai shiru-shiru da ke tsayawa a layin baya na ƙungiyar mawaƙa. Ya daɗe yana neman Auta, ita ma duk coci an san inda zuciyarta take. Amma dokar ikilisiyarsu ita ce Fasto ba ya shelar aure sai kwamitin aure ya amince. Kwamitin zai zauna ranar Laraba. Shugaban kwamitin kuwa shi ne wannan da ke kan kujerar da kyanwa ba ta hawa. Wato Auta ta kawo ƙara gaban alƙalin da shi ne ake ƙara.

"Yau ma na gansu," Dattijo ya ci gaba. "Uban nasa, tsohon direban nan, ya fito daga sujada rataye da jakar matarsa a kafaɗa. Hannunta cikin nasa. Suna zuwa bakin ƙofa sai ya sa yatsa ya share mata wani abu a kumatu, ita kuma ta kai masa duka tana dariya. A harabar coci. A gaban yara. Mutum da furfura har a gira."

"Matarsa ce fa, Baba."

"Ni ma ina da mata. Kin taɓa ganin na yi haka?"

"Ban taɓa gani ba."

Dattijo ya gyara zama. A ganinsa ya ci wannan zagayen.

Ya miƙa hannu ya janyo wata doguwar takarda da ke naɗe a kan tebur. Zanen gida ne. Injiniya, ɗan Ma'ajin coci, shi ya kawo shi jiya da yamma, ya shimfiɗa a gabansa da ladabi, wai neman shawara. Kowa dai ya san ba shawarar siminti ya zo nema ba, auren Auta yake nema.

"Dubi nan. Ɗakin maigida a wannan kusurwa. Ɗakin matarsa a waccan. Falo biyu a tsakani. Yaro ya fahimci aure tun bai shiga ba. Da ya nuna mini, saura kaɗan in yi hawaye."

Ba ƙarya ya yi ba. Zanen ya taɓa shi, domin wa'azinsa ne aka zana da fensir. Duk shekara a taron ma'aurata shi ake ba jawabin rufewa, kuma duk shekara abu ɗaya yake faɗa: harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma dalili shi ne ɗakinsu ɗaya. Sai a yi dariya, a tafa. Sai ya nuna matarsa a layin gaba, ya ce a tambaye ta ko an taɓa jin kansu. Ita kuma ta sunkuyar da kai. Mutane su ce kunya ce.

"Shi kuwa naki," ya ce, "ɗaki ɗaya da falo. In ya yi tari a kunnenki zai yi."

Auta ta ɗago. Hawayen da take ta riƙewa suka sauko, ba ta share ba.

"Baba, ka yarda in faɗi wata magana?"

"Kotu tana saurare."

"Ba na son aure irin naku."

Agogon bango ya samu fili ya yi ta bugawa. Dattijo ya cire tabaransa, ya goge, ya mayar, kamar maganar a jikin gilashin ta maƙale.

"Maimaita."

"Ka yafe mini, Baba. Ban raina ka ba, Allah ya sani. Duk inda na shiga aka ce 'yar Dattijo ce, sai na ji kaina ya ƙara tsawo. Ka yi mana komai. Amma tun ina firamare ni ce 'yar aikenku. Je ki gaya wa uwarki an kawo gas. Je ki gaya wa babanki abinci na kan tebur. Je ki tambayi uwarki ina farar rigata. Ranar da ka yi zazzaɓi mai zafi, Mama ta haɗa maka shayi, ta tsaya a bakin ƙofarka da kofin har ya fara hucewa, sannan ta kira ni ta ce in shiga da shi. Ban gane ba a lokacin. Yanzu na gane."

"Wannan ladabi ne. Mu haka muka taso."

"To in na tafi gidan miji, wa zai riƙa kai muku saƙo?"

Dattijo ya mayar da idonsa kan zanen.

"Injiniya ya zo wurina sau da yawa," ta ce. "Bai taɓa tambayata yadda na wuni ba. Hotunan tayil ɗin daɓen ɗaki yake nuna mini a waya. Shi kuwa wanda ba ka so, ran da wani yaro ya rasu a hannuna a wurin aiki, zuwa ya yi ya zauna kusa da ni a benci, bai ce komai ba, har na gama kukana. Ni abin da nake so ke nan, Baba. Wanda zai zauna kusa. Ko ɗakin bai fi akwati ba."

Dattijo ya ji wani abu ya motsa a ransa, ya yanke hukuncin cewa fushi ne. A irin wannan matsayi, gogaggen ma'aikacin kotu ya san abin yi.

"Kira mini uwarki. Tunda aurena ake tuhuma, a kawo shaida."

Sai da maganar ta fita ya lura ya sake aiken ta. Auta ma ta lura. Ta tashi ta fita.

Mama ta shigo da tef ɗin awo a wuya da zare manne a zaninta. Tela ce tun kafin ya aure ta, ita ce kuma shugabar zumuntar mata. Mace ce da ba ta ɗaga murya, shi ya sa matan coci suke tsoronta fiye da Fasto. Ta zauna a kujerar da ta fi nisa da tasa, inda ta saba.

"Maman yara, 'yarki ta ce ba ta son aure irin namu. Ina so ki amsa a gabanta. Tun da muke, an taɓa jin kanmu?"

"Ba a taɓa ba."

"Kin taɓa kai ƙarata wurin Fasto?"

"Ban taɓa ba."

"Kin rasa ci, ko sha, ko sutura?"

"Ban rasa ba."

Dattijo ya buɗe tafin hannu wajen Auta, kamar mai cewa ga shi nan.

"Ka gama da shaidar?" in ji Mama. "Don tana da abin ƙarawa. Auta, je ki duba mini shinkafar nan. Ki ja ƙofar kicin."

Da ƙofar ta rufu, Mama ta cire tef ɗin daga wuyanta, ta fara naɗe shi a yatsa a hankali.

"Baban yara, yaya za a ji kanmu, mu da ba ma magana? Kabari ma ba a jin kan mazaunansa."

"Wace irin magana ce wannan ranar Lahadi?"

"Ka tuna gidan haya?"

Ya tuna. Ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon gyaran rediyo, rufinsa yana yoyo daidai kan gado, sai su ja katifar su kwanta a kusurwa, kwano yana tarar ruwa. A can yake kiranta Yarinya. A can ta taɓa yi masa aski da almakashin ɗinki, ya tafi kotu da hula mako guda.

"Na fitar da ke daga wannan wahalar," ya ce. "Na gina miki ɗakinki, da banɗakinki, da tagarki. A abokaina wa ya yi wa matarsa haka a lokacin?"

"Babu. Na yi ta alfahari. Kuma da kana ginin ka kama hannuna, ka nuna mini wata ƙofa a bangon da ke tsakanin ɗakinka da nawa. Ka ce wannan tamu ce, yara ba su da hanya a nan. Ka tuna?"

Dattijo ya dubi zanen Injiniya, kamar amsar tana ciki.

"Ina ƙofar take yanzu?"

Ya san inda take. Ran da suka tare, masu haɗa kabad ɗin kaya suka auna ɗakinsa, suka ce babu bangon da zai ɗauki tsawonsa sai wancan. Katon kabad ne mai ƙofa huɗu, na katako mai nauyi, a cikin ɗakin aka harhaɗa shi don ba ya shiga ta ƙofa. Ya ce su kafa shi a nan na ɗan lokaci, kafin a ga yadda za a yi.

"Na ɗan lokaci ne," ya ce.

"Auta tana aji biyu a firamare a lokacin."

"Ai da wata hanyar. Ana zagayawa."

"Ta falo. Inda 'ya'yan ƙannenka suke baje a ƙasa, da baƙin coci, da masu kallon ƙwallo. Ka zagayo sau nawa? Dattijon ikilisiya, da silifa, yana tsallake yara. Ni ma ban ga laifinka ba, kunya ta fi ƙarfinka. Amma na zauna ina jira ka kira masu kabad. Wata ya wuce, shekara ta wuce. Sai na ce a raina, mutumin nan ba mantuwa ya yi ba, magana ce ya faɗa mini da katako don bakinsa ba zai iya ba."

Dattijo ya miƙe zaune. Yanzu ya samu abin riƙewa.

"To ke fa? Ran da na shiga ɗakinki neman allura, me na gani a jikin ƙofar? Keken ɗinkinki. Kin jingina shi, kin ɗora yadi a kai har sama. Na ce to, ta gaji da ni, ta sa nata sakatar. Namiji mai mutunci ba ya tura ƙofar da aka tokare."

"A nan haske ya fi," in ji Mama. "Kuma a nan nake jin tarinka. Da rediyonka. In ka yi minshari na san kana lafiya."

Babu wanda ya dubi wani. Daga kicin ana jin murfin tukunya yana rawa, alamar mai duba shinkafa ba shinkafa take dubawa ba.

"Duk shekara," Mama ta ce, "kana nuna ni a taron ma'aurata. Matan zumunta suna zuwa wurina da kukansu, wannan mijinta ba ya kallonta, waccan ba ya taɓa ko hannunta. Su ce Mama, koya mana sirrinki. In ce su yi haƙuri su yi addu'a. In koma gida in hau keke. Ban taɓa tona maka asiri ba, ba kuma zan tona ba. Kai mutumin kirki ne, ban yi da-na-sanin aurenka ba ko sau ɗaya. Amma mun tsaya gaban Ubangiji aka ce mun zama ɗaya, ba a ce mun zama maƙwabta ba."

Ta tashi, ta mayar da tef ɗin wuyanta.

"Ran Laraba ka yanke abin da ka ga dama, kai ne shugaba. Amma in ka ba Injiniya ita, ka ce masa ya rage falo ɗaya. 'Yata ba ta iya ɗinki ba. Ban san me za ta jingina ba."

Dattijo ya buɗe baki ya ce an ɗage zama. Ya tarar zaman ya riga ya tashi ba da izininsa ba.

Washegari da safe, Auta ta tafi aiki da kumburarrun idanu, Mama ta tafi kasuwa sayen zare. Dattijo ya kulle ƙofar ɗakinsa, ya tsaya gaban kabad ɗin, hannu a baya, yadda yake tsayawa gaban wanda ake tuhuma.

Ba wai ya yarda an yi masa gaskiya ba ne. So yake kawai ya duba ko ƙofar tana nan. Binciken hujja ne.

Ya kwashe kwat-kwat ɗinsa ya zuba a gado. Ya sauke littattafan wa'azi, da tsohon akwatin da babu wanda ya san abin da ke ciki. Ya tuɓe riga ya rage singileti. Ya kafa kafaɗa, ya ambaci sunan Allah, ya tura.

Kabad bai san an yi ba.

Ya sake turawa. A karo na uku wani abu ya motsa, amma ba a jikin kabad ba. Namiji in ya haura sittin, bayansa yakan zama kamar tsohon ma'aikaci: yana nan a ofis, amma kada ka kuskura ka ba shi aiki. Dattijo ya zame ya zauna a ƙasa, yana numfashi ta baki.

A nan zaune ya yi lissafin wanda zai kira. Duk kafintan da ya shigo ɗakin nan ya ga ƙofa a bayan kabad, kafin Lahadi labarin ya kai layin baya na coci. Mai jawabin ɗaki biyu yana fasa bango. Mutumin da zai gani ya kama bakinsa, sai wanda yake neman wani abu a hannunka.

Kafinta ɗaya ne a duniya ya cika wannan sharaɗin.

Ya sa kwat, ya ɗaura nakatayi, ya fita yana tafiya a karkace kamar mai leƙen ƙarƙashin mota.

Shagon yana ƙarshen layin masu walda. Ƙamshin sabon katako ya tare shi tun daga bakin titi. A ƙofar shagon, kan wani benci da ba a gama gogewa ba, ga tsohon direba da matarsa suna shan shayi a kofi ɗaya. Sun kawo wa ɗansu abin karyawa, suka zauna suka cinye rabi.

"A'a, Dattijo da kansa," in ji direban. "Sannu da zuwa. Me ya sami bayan?"

"Addu'a. Na daɗe a durƙushe."

"Allah ya karɓa. Ni in nawa ya motsa, wannan ce take hawa ta tattaka mini. Ka ce wa Mama ta gwada, da diddige."

"Rabu da shi, Dattijo," in ji matar. "Ƙarya yake, ciwon yake ƙirƙira don a taɓa shi."

Dattijo ya dube su da niyyar ya ji haushi. Haushin bai zo da ƙarfin da ya saba ba.

Kafinta ya fito daga ciki, garin katako har a gashin ido. Da ya ga wanda ke tsaye sai ya durƙusa, fensirin da ke bayan kunnensa ya faɗi. A fuskarsa kana ganin mutumin da ya san an zo karanta masa hukunci.

"Ɗauko kayan aikinka," in ji Dattijo. "Kai kaɗai. Ban da yaranka."

A ɗakin, Kafinta ya zagaya kabad ɗin, ya ƙwanƙwasa nan, ya leƙa can, ya ce ba zai turu ba sai an kwance shi. Dattijo ya zauna a bakin gado cikin kwat-kwat ɗinsa, ya ce a kwance.

Ana cikin cire ƙofofin sai aka ji an buɗe ƙofar gida. Can kuma, daga bayan bango, keken ɗinki ya fara ƙara. Mama ta dawo. Ba yadda za a yi ba ta ji bugun guduma ba, amma keken bai tsaya ba.

"Ɗaki nawa ka ce kana da shi?" in ji Dattijo.

"Ɗaya da falo, Baba. Amma ina tara..."

"Ban tambaye ka abin da kake tarawa ba. In kun yi faɗa, a ina za ka kwana?"

Kafinta ya dakata da sukudireba a hannu.

"Nan dai, Baba. Babu wani wurin."

"Ka ga matsalar ke nan."

"Haka ne, Baba." Ya cire wata ƙusa, ya sa a aljihu. Sai kuma, kamar wanda maganar ta kuɓuce masa, ya ce, "Su Babana gadonsu ya lotsa a tsakiya. In sun yi faɗa kowa ya kama gefensa ya juya baya, kafin gari ya waye sun gangaro sun haɗu. Na sha cewa zan canza musu katakon, abin kunya ne a ce ɗansu kafinta. Babana ya ce ran da na taɓa gadon nan zai tsine mini."

Dattijo ya yi wani tari da ya yi kama da dariyar da aka kama ta a hanya.

Aka cire rufin, aka cire ɓangarorin. Saura faffaɗan allon baya. Kafinta ya rungume shi, ya ɗaga, ya jingina a gefe.

Ga ta nan. Fentinta ruwan madara ne, sabo fil, don rana ba ta taɓa ganinsa ba, alhali sauran bangon ya daɗe da dafewa. Yanar gizo ta rufe hannun. Daga ƙarƙashinta wani siririn haske yana shigowa, da ƙarar keke.

Kafinta ya dubi ƙofar. Ya dubi rufin ɗaki. Ya sunkuya ya hau tattara ƙusoshi da ƙwazon da ba su buƙata.

"Me ka gani?" in ji Dattijo.

"Bango, Baba."

"Bango kawai?"

"Bango ne. Yana da hannu, amma bango ne."

Dattijo ya daɗe yana kallonsa. Ya ga shaidu iri-iri a rayuwarsa, bai taɓa ganin wanda ya yi ƙarya da kyakkyawar zuciya haka ba. Wani abu mai kama da alfahari ya taso masa, ba don kansa ba wannan karon. 'Yarsa ta iya zaɓe. A wurinsa ta gado, in ji shi a ransa, domin shi ma ai da ya tashi zaɓe bai yi kuskure ba.

"A ina za a mayar da shi, Baba? In an juya gadon, wataƙila..."

"Ba za a mayar ba. Kwashe shi ka tafi da shi."

"In sayar?"

"Ka sayar da kabad ɗin surukinka? Matarka tana da kaya, nas ce, fararen riguna kaɗai sun cika ƙofa biyu. A ina kake so ta rataye su, a ƙusa?"

Ƙusoshin da ke hannun Kafinta suka zube. Ya durƙusa.

"Tashi, kada ka jiƙa mini kafet. Ran Laraba ka zo gaban kwamiti da iyayenka. Ka ce wa babanka ya bar jakar a hannun mai ita, ko na awa ɗaya ne, saboda Ma'aji zai kasance a wurin kuma ransa ba zai yi daɗi ba. Sannan in ka je kafa kabad ɗin nan, ka auna da kyau. In babu bangon da zai ɗauke shi, ka yanke shi. Kai kafinta ne."

"To, Baba. Na gode, Baba. Allah ya..."

"Fita da katakon. Ka ja mini ƙofa."

Da ya rage shi kaɗai, Dattijo ya ciro hankici ya share yanar da ke hannun ƙofar. Ya gyara nakatayi. Ya miƙe tsaye sosai, bayansa ya yi ƙorafi, ya yi watsi da ƙorafin. Ya yi magana a gaban manyan alƙalai, ya yi jawabi a gaban coci cike, bai taɓa jin tafin hannunsa ya jiƙe haka ba.

Ya ƙwanƙwasa.

Keken ya tsaya.

"Wane ne?"

Tambayar ba ta da dalili, mutum ɗaya ne a duniya zai iya bugawa ta nan. Amma ya gane ba sunansa ake tambaya ba.

"Ni ne, Yarinya."

Har ya fara tunanin ko a ɗage zama. Sai ya ji muryarta dab da katakon, ba irin wadda take magana da ita a zumuntar mata ba.

"Keken nan da nauyi."

"To bari in zagayo in kama miki."

"A'a. Tsaya inda kake. An gama zagaye."

Ya ji yadi yana zubewa ƙasa. Ya ji ƙafafun ƙarfe suna jan siminti, kaɗan-kaɗan, da nishinta, da wata 'yar dariya da rabonsa da ita tun gidan haya. Sannan hannun ƙofar ya juya.

Maƙalan ƙofar sun yi tsatsa. Ta buɗe da wata doguwar ƙara da ta ratsa falo, ta fita ta taga, ta kai har titi. Ma'auratan da ba a taɓa jin kansu ba, ranar har maƙwabta sun leƙo.

A waje, Kafinta yana ɗora katako a kan amalanke. Akwai gwangwanin mai a jakar aikinsa, ɗigo biyu sun isa su kashe ƙarar. Ya kai hannu, ya yi tunani, ya mayar da jakar ya rufe.